Ranar da Na Ɗaure Fiyus a Motar Masu Nono

Ku da kuke zaune a bencin nan kuna cewa aikin rewaya ba komai ba ne, ja da ja, baƙi da baƙi, a naɗe da salatif a sallami mai mota, ku matso kusa. Ɗazu na ji ɗayanku yana cika baki wai in ya kalli bidiyo biyu a waya zai buɗe tasa rumfar. Allah ya ba da sa'a. Ni shekara huɗu na yi a Bebeji wurin maigidana Malam Isiyaku, Allah ya ji ƙansa, kafin ya yarda in taɓa wayar motar mutane ba ya tsaye a kaina. Shekarar farko kuwa ban yi komai ba sai wanke kan batir da ruwan zafi da warware tsofaffin wayoyi ina jera su kala-kala.

Kayan aikinsa ba su cika jakar buhu ba. Filaya ɗaya, sukundireba biyu, sifana uku, guntun zarton ƙarfe, sai ƙwan fitilar mota da ya yi wa jela biyu na waya. Da wannan ƙwan yake farautar wuta duk inda ta ɓuya. In waya ta goge ta taɓa inda bai kamata ba, wato abin da muke kira shot, sai ya cire fiyus ya saka ƙwan a gurbinsa. Muddin shot ɗin yana nan, ƙwan zai haska fes. Sai ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza wannan, ya cire wancan, har ya zo kan wadda in ya taɓa ta hasken zai mutu. Aikin haƙuri ne, wani lokaci awa guda, wani lokaci yini.

Shi fiyus, in ba ku sani ba, an yi shi ne don ya ƙone. Ɗan siririn ƙarfe ne a cikin roba, in wuta ta yi yawa sai ya tsinke, komai ya tsaya, mota ta tsira. Direbobi ba sa son jin haka. In ya ƙone sau biyu sai su samo zaren jan ƙarfe daga cikin tsohuwar waya su naɗe shi, wai sun ƙara masa ƙarfi. Malam Isiyaku in ya buɗe akwatin fiyus ya ga irin wannan ɗaurin, sai ya ajiye filaya ya kalli direba ya ce, "Ka yi sallama da iyalinka kafin ka fito?" Sau ɗaya ya kama ni ina gwadawa a wata tsohuwar akori-kura. Marin da na sha ranar, kunnena ya kwana biyu yana ƙara.

To duk da wannan marin, sai da na yi. Akwai shekarar da na zauna a rumfata ta Tudun Wada tun daga damina har wata daminar ta zagayo, direbobi suna wucewa ta gabana suna ɗaga mini hannu, ba mai tsayawa. Gyaran tocila da rediyo na koma yi don a ɗora tukunya a gida. Ba wanda ya yi mini sharri, ni na jawo wa kaina, kuma ga yadda aka yi.

Wata ranar kasuwa ce, bayan azahar, hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin. Habu direba, mutumin Yako, ya shigo da bas ɗinsa. Irin wadda ake kawowa daga waje ce, mai makullin da in ka murɗa a ƙofar direba duk ƙofofin sai su kulle lokaci ɗaya, saboda a cikin kowace ƙofa akwai ɗan inji mai jan maɓallin kulle ƙasa ko sama. Aikin Habu shi ne ɗauko matan Fulani masu sayar da nono daga rugagen wajen Doguwa da safe, ya mai da su da yamma. Ya sauke su a gindin darbejiyar da ke gaban rumfata, su kusan goma sha biyar, suka zauna da ƙorensu da kayan cefanensu.

Ya ce, "Malam Sabo, fiyus ɗin ƙofa ne. Uku ya cinye mini a satin nan. In ya mutu ƙofar baya ba ta kulluwa, kaya na iya zubewa a hanya."

Na saka sabo, na kulle, na buɗe, lafiya ƙalau. Na saka ƙwan fitila a gurbinsa, bai haska ba. Na girgiza wayoyin da ke shiga ƙofar direba, shiru. Na buɗe ƙofar gefe mai zamewa na rufe ta fi sau goma, shiru. Irin wannan ita ce muguwar matsala, wadda take zuwa ta tafi. Na ce masa sai na kwance faifan ƙofofi na bi wayoyin a hankali, ya ba ni awa ɗaya.

Ya ɗaga kai ya kalli sama. "Awa ɗaya? Haba Malam! In ruwan nan ya sauka rafin da ke hanyarmu zai cika, sai dai mu kwana a daji da matan mutane. Ka yi mini dabara kawai in je in dawo, gobe da sassafe in kawo maka ita."

Ga wata mota tana jira na, mai ita yana ta tsaki. Ga Habu yana ta yi mini magiya. Na ce a raina, tafiyar yini ɗaya ce, me zai faru? Na zaro zaren jan ƙarfe guda huɗu, na murɗe su, na naɗe fiyus ɗin, na danna shi a gurbinsa. Ina kallo matan suka tashi suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Babbarsu, wata dattijuwa da suke kira Goggo, aka ba ta gidan gaba. Har ɗaga mini hannu ta yi ta ce sannu da aiki.

Bayan la'asar muna fitowa daga masallaci sai na haɗu da Ɗan'asabe mai walda, maƙwabcin rumfata. Ya ce, "Na ga motar Habu a wurinka. Ka ga aikin da na yi mata?" Na ce wane aiki. Ya ce ai ya walda sandunan ƙarfe a duk tagogin baya saboda buhuna suna fasa masa gilashi, ya kuma yi masa shinge na ƙarfe a bayan kujerar gaba don kada kaya su faɗo wa direba. Yana dariya ya ƙara da cewa mariƙin ƙofar gefe na ciki ya karye tun tuni, sai daga waje ake buɗe ta, kuma Habu ba ya rabo da jarka biyu na fetur a ƙarƙashin kujerar baya tunda babu gidan mai a hanyarsu.

Na gani dai da idona lokacin da nake aiki, sandunan da shingen duk na gan su, amma hankalina yana kan fiyus, ban haɗa lissafin ba sai da ya faɗa. Mota mai ƙarfe ta ko'ina, ƙofar da ba ta buɗuwa ta ciki, fetur, ga waya mai ciwo wadda ni da hannuna na cire mata abin da zai tsayar da ita. Na kira wayar Habu, ba ta shiga. Na sake kira, ba ta shiga, dama can in ka bar kwalta ta wannan wajen babu sabis. Ban ko rufe rumfa ba. Na suri jakar kayan aiki, na tayar da babur ɗina.

Ruwa ya same ni tun ban bar titin Doguwa ba. Da na sauka hanyar daji sai taɓo, babur yana ta wutsil-wutsil, sau biyu ina faɗuwa. Ina bin sawun tayarsa ina addu'a, ina yi wa kaina ƙarya cewa ƙila ba abin da zai faru, in na same su in cire ɗaurin in ba shi haƙuri shi ke nan. Duk kwanar da na sha ina tsammanin zan hango baƙin hayaƙi a bayan itatuwa. Tsoro na ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Ihun na fara ji kafin in ga motar. Tana tsaye a gangaren rafi, hancinta ƙasa. Habu yana zagaya ta kamar mahaukaci, yana jan wannan ƙofa yana jan waccan. Abin da ya faru, ya sauka ne ya duba zurfin ruwa, ya turo ƙofarsa, sai ya ji ƙaf, duk ƙofofin sun kulle kansu. Mariƙin murɗa gilashi guda ɗaya ne a motar, kamar yadda kuka san direbobinmu suna yi, kuma yana aljihunsa. Ya ɗauki dutse ya fasa gilashin ƙofarsa, ya miƙa hannu ya kashe injin, ya ja maɓallin kulle sama. Yana saki, kafin ya kai ga mariƙin ƙofa, sai ya koma ƙasa da kansa. Ya riƙe da ƙarfi, abin ya fi ƙarfin yatsunsa. Wuta ce take shiga 'yan injinan ƙofa ba tsayawa, suna danne makullan.

Warin roba mai ƙonewa ya cika wurin. Hayaƙi fari yana fitowa daga ƙarƙashin matakin ƙofar gefe, a ciki, daidai ƙafafun matan. Sun takure a ɗaya gefen suna tari suna salati, suna dukan gilashi da tafin hannu. Wata yarinyar mace ta ɗaga jaririnta sama tana manna fuskarsa a 'yar kafar da ke saman taga. Na leƙa ta baya na hango jarkokin nan biyu, tsakaninsu da hayaƙin bai fi taku biyu ba.

Habu ya riƙe ni yana kuka. "Malam Sabo, na shiga uku! Batir ɗin yana ciki, a bayan kujerata, ƙarƙashin buhuna!"

Na ce wa Goggo ta rarrafo ta fito ta tagar da aka fasa, tunda ita a gaba take. Ta girgiza kai. Ta zura hannunta ɗaya ta cikin shingen ƙarfe ta riƙe zanen mai jaririn nan, ashe surukarta ce. Ta ce, "Ɗan nan, ba na fita in bar su. Ka faɗi abin da za a yi."

Na zura kaina ta taga, hannuna bai kai akwatin fiyus ba, yana can ƙasan sitiyari. Na nuna mata da sukundireba. "Goggo, kin ga wancan mai jan ƙarfe a jiki? Fizge shi!" Ta sunkuya ta kama shi da yatsu. Na ji ta ja numfashi, amma ba ta saki ba, ta ja, ta sake ja. Ina! Ya yi zafi ya narke ya haɗe da robar akwatin. Na miƙa mata filaya, ta kama, robar ce kawai ta gutsuro. Da ta ɗago hannun na ga fatar yatsunta biyu ta yi fari.

Saura hanya ɗaya. Akwai baƙar waya mai kauri da ke fitowa daga batir ta ɗaure a jikin ƙarfen mota ta ƙasa, in ka raba ta da jikin motar komai ya mutu. Na kwanta a cikin taɓo na shige ƙarƙashi. Ruwan sama yana gangarowa yana bin bayana, ina jin ƙafafun matan suna dukan bodi a saman fuskata. Na lalubo wayar, na saka sifana mai lamba goma sha biyu a kan notin. Tsatsa ta cinye shi, sifana ta zame, na daki ƙarfe da bayan hannu. Na sake sakawa, ta sake zamewa, kan notin ya murje.

Na ce wa Habu ya miƙo zarto. Na san waya mai ɗauke da wuta irin wannan in ta zo rabuwa sai ta yi tartsatsi, ga tankin mai kusa da kaina, ga warin fetur ina ji. Na cire hulata na cusa ta a taɓo, na lulluɓe wurin da ita, na yi bisimilla na fara yanka a makance. Zarton ya tsufa, yana ci kaɗan-kaɗan. Ina yanka ina jin kukan jaririn, can kuma sai na daina jin sa, sai muryar uwar tana kiran sunansa. Ban san lokacin da na fara ihu ni ma ba. Zaren ƙarshe ya tsinke, na ji fat a cikin hular, wani shuɗin haske ya leƙo ya mutu.

Na ƙwala wa Habu kira na ce ya ja maɓallin. Na ji ƙofar direba ta buɗe, na ji ya zagaya, na ji ƙofar gefe ta zame. Ƙafafu suka dinga dirowa a gefen kaina. Da na jawo kaina waje, Habu ya riga ya fitar da jarkokin ya kai nesa, muka ɗebi taɓo da hannu muka lafta a kan matakin har hayaƙin ya tsaya. Jaririn yana hannun Goggo, ta juya shi tana bubbuga bayansa a cikin ruwan sama. Ya yi tari, ya yi amai, ya tsala kuka. Matan suka zube a ƙasa suna hamdala.

Ruwa ya tsagaita. Ba zan bar motar haka ba, sai na san abin da ya jawo. Na ɓalle narkakken fiyus ɗin da sukundireba na jefa a aljihu, na saka ƙwan fitila a gurbinsa, na haɗa wayar batir da guntuwar waya na ɗan lokaci. Ƙwan ya haska fes. Na cire wayar ƙofar direba, yana nan. Na cire ta ƙofar baya, yana nan. Na dawo kan matakin ƙofar gefe, na kwance sukurori huɗu na ɗaga farantin ƙarfen, sai hasken ya mutu.

Warin da ya bugo ni ba na roba kaɗai ba ne, har da tsamin tsohon nono. A daidai wurin matan suke jera ƙorensu kullum, in mota ta faɗa rami nono ya fantsala ya bi ta gefen farantin ya taru a ƙasa. Ɓeraye suka ji ƙanshi suka mai da wurin gida, ga kashinsu nan, suka gwaigwaye robar wayoyi uku har jan ƙarfe ya fito. In motar ba kowa, wayoyin ba sa taɓa juna, shi ya sa a rumfata ban ga komai ba. Sai an ɗora nauyi a kan matakin farantin ya lotsa ya matse su. Ranar nan da motar ta tsaya a gangare, buhun gishiri ne ya zamo ya zauna a kai.

Na nuna wa Habu. Kafin in rufe baki ya juya kan matan. Mutumin da yake kuka ɗazu, yanzu tsoron ya koma masa faɗa. "Kun gani ko? Nononku ne! Sau nawa ina ce muku ku rufe ƙore da kyau? Kun kusa kashe kanku, kun kusa ƙone mini mota! Daga yau ku nemi wani ya riƙa ɗaukarku."

Kowacce ta sunkuyar da kai. Goggo ta miƙa wa uwar jaririnta, ta matso, ta ɗan durƙusa a gaban Habu, wanda bai fi sa'an ɗanta na uku ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri, direba. Ba mu sani ba. Laifinmu ne."

Da na yi shiru, da maganar ta ƙare a nan. Habu ba zai faɗa ba, tunda shi ya roƙe ni. Su kuwa ba su san mene ne fiyus ba, kallona suke yi kamar wanda Allah ya jefo musu daga sama, wata ma har ta fara kwance ƙullin man shanu za ta ba ni. Amma ina kallon yatsun tsohuwar nan sun fara tashi. Na ce, "Goggo, tashi. Ba laifinku ba ne."

Na zaro abin daga aljihu na ɗora mata a tafin hannu. Na yi mata bayani yadda na yi muku yanzu. Na ce nono ya zube, ɓera ya ci waya, duk gaskiya ne, amma da abin nan yana yadda aka yi shi, da tsinkewa kawai zai yi, ƙofa ba za ta kulle ba, ko hayaƙi ba za ku gani ba. Na ce wannan jan ƙarfen da ya ƙone ki, ni na naɗa shi ɗazu, kuna zaune a gindin darbejiya.

Ta daɗe tana juya shi a hannu. Habu ya kau da kai yana kallon rafi. Ta ce, "Ka san zai iya yin haka?"

Na ce, "Na sani."

"To me ya sa?"

Na ce sauri ake yi, hadari ya taso, neman ainihin ciwon kuma zai ci awa guda.

Ta kalli surukarta da jaririn, ta dawo da idonta kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Awa guda? Ɗan nan, tun hantsi muke zaune a rana muna jiran mai sayen nonon ludayi ɗaya. Da ka zo ka ce mana mu jira, ai da mun jira."